Rigar Hajiyar Sokode

Kafin in fara ina neman alfarma ɗaya. Duk wadda ta san za ta ce mini "ki yi haƙuri, uwa uwa ce," ta riƙe haƙurinta ta kai wa wani. Na sha shi har ya ginshe ni. Ku bari in gaya muku abin da ya faru ranar da na gama koyon ɗinki, in ya so sai ku yanke hukunci.

Sunana Zaituna. Na faɗa muku da bakina ne, don in kuka ce sai kun ji shi daga bakin matar da ta haife ni, za ku tsufa a tsaye. Ni ce 'yar fari a ɗakin Inna, kuma tun da na yi wayo ban taɓa jin ta kira ni da sunana ba. "Ke." "Waccan." "Yarinyar nan." Ranar da abin ya yi daɗi sai a ce "yayar Kubura." Kada wani ya yi mini wa'azi, na san al'ada ce, kowa a Zongo ya san kunyar ɗan fari. Amma sauran iyaye mata ai suna sassautawa in ɗa ya girma. Tawa kuwa kamar kwangila aka ba ta. Ba ta haɗa ido da ni, ba ta cin abinci kwano ɗaya da ni. In zazzaɓi ya kwantar da ni, aikawa take a kira Goggo Ajaratu, ƙanwar marigayi Babana, ita ta zo ta taɓa goshina. Ƙanwata Kubura kuwa, gandamemiyar budurwa, har yau a cinyar Inna take kwantar da kai a yi mata kitso ana mata kirari.

Shi ya sa tambaya ɗaya ta daɗe tana cin raina: kunya ce, ko kuwa matar nan ba ta sona ne kawai, ta samu al'ada ta fake a bayanta?

A shekarar 1983 ne, a birnin Lome. Tun da aka rushe tsohon Zongo na cikin gari aka watso mu nan gaba da Agoe, zuwa aiki ya zama tafiya. Da sassafe nake kama motar haya zuwa kasuwar Adawlato, shagon Madam Ablavi, ba na dawowa sai magariba. Inna kuma da rana take kai shinkafa da wake bakin tasha. Kusan sai Lahadi muke wuni gida ɗaya, ita ma wunin kurame.

Madam Ablavi mace ce ƙatuwa, 'yar ƙabilar Mina, tef ɗin awo a wuya, ƙaramin gicciye a ƙarƙashinsa. Da can Veronik ake ce mata, sai gwamnati ta ce kowa ya ajiye sunan Turawa, ta ajiye, amma duk wanda ya manta ya kira ta da tsohon sunan sai ka ga fuskarta ta washe. Ranar Alhamis da yamma takan tafi cocinsu, inda aka koya mata sasanta ma'aurata da sauraron masu damuwa. Matsalar ita ce ba ta barin aikin a coci. Ka karya allura, sai ta tambaye ka me ke damun zuciyarka.

Rigar farko da na ɗinka da hannuna a shagon, Goggo Ajaratu ce ta kawo atamfar. Koriya ce mai zanen mabuɗai. Ta ce ta wata ƙawarta ce, Hajiya, can garin Sokode. Awon ma da zare ta kawo shi, an ƙulla ƙulli a kafaɗa, ƙulli a ƙirji, ƙulli a damtse. Na ɓata rigar. Hannun hagu ya fi na dama matsewa, wuyan ya karkace kamar mai jin barci. Madam ta sa ni durƙuso a gaban 'yan uwana masu koyo. Goggo kuwa ta naɗe abarta ta ce, "Hajiya ba ta da tsirfa." Daga nan duk bayan 'yan watanni sai ta kawo wata atamfar da zaren nan nata. Har na haddace awon Hajiyar Sokode fiye da nawa.

To, sai Sulemana.

Ku 'yan mata kun san irin namijin da in ya shigo layi ƙamshinsa ke yin sallama kafin bakinsa. Akawu ne a tashar jiragen ruwa, haifaffen Lome, ya yi makarantar Faransanci har ya ƙoshi. Riga kullum a goge, Vespa shuɗiya, ga dariya mai sa mutum ya manta abin da ya zo faɗa. Ina sonsa, ba zan yi muku ƙarya ba. A shagon Madam akwai baƙar wayar tarho da aka sa wa kwaɗo don kada mu buga, amma ana iya kiranmu. Da azahar yake kira daga ofis.

"Alo, sheri. Kin ci abinci?"

"Na ci koliko, soyayyiyar doyar nan. Me ya faru muryarka ke rawa?"

"Kawuna na Libreville ya samo mini aiki can Gabon. Aiki na gaske, Zaituna, da gida. Bayan sallah zan tafi."

Na ce, "Kai kaɗai?"

"Ba ni kaɗai ba. A ɗaura aure mu tafi tare. In kuma kin ce a nan kike so, bon, zan zauna, amma kin san albashin nan ba ya kai mu ko'ina. Ke nake jira."

Ba a yi sati ba iyayensa suka turo wajen Goggo. Goggo ta tasa ni gaba, safe da yamma: "Yarinya, mutanen nan masu mutunci ne, ki ba su amsa. Gabon ce ko nan?" Na ce sai na ji ta bakin Inna. Muka same ta a tsakar gida tana tsintar shinkafa a faifai. Goggo ta zayyana mata komai, har da cewa wanda ya tafi Gabon yakan yi shekaru bai leƙo gida ba.

Inna ba ta ɗago ba. Ta jefar da wata tsakuwa ta ce, "Ba da bakina ba. Abin da kuka yanke shi ke nan."

Shi ke nan fa! 'Yarki za ta haye teku, ki ce ba da bakinki ba? Ko akuya aka zo saye a gidan ai za a ce a bari a yi shawara. Na shige ɗaki ina huci. Bayan kwana biyu Kubura ta zo tana ce mini wai Inna ba ta cin abinci sosai kwanan nan. Na ce ta je ta ba ta a baki, ai ita ce 'yar.

Fushin nan na kai shi shago. Ina taka keken ɗinki kamar da shi muka yi faɗa, har zare ya tsinke sau biyu. Madam ta sallami sauran su je cin abinci, ta jawo kujera ta zauna a gabana.

"Ɗaga ƙafarki daga keken nan, bai yi miki komai ba."

Na gaya mata duka. Na ƙare da cewa Gabon zan tafi, kuma ko a mafarki ba zan dawo Zongo ba.

Ta ce, "A cocinmu an koya mana cewa Allah bai halicci fushi a banza ba. Kamar kare yake a ƙofar gida. In yana haushi, ba dukansa za ki yi ba, ba kuma kwance shi za ki yi ya ciji mutane ba. Fita za ki yi ki ga wa ke tsaye a ƙofar. Wa ke ƙofarki, Zaituna?"

"Ba kowa, Madam."

"Kina son yaron?"

"Ina sonsa."

"Na yarda. Gabon fa? Gabon kike so, ko so kike wata mata ta tsaya a bakin titi tana kuka tana kiran sunanki?"

Wallahi ji na yi kamar ta watsa mini ruwan zafi. Na ce mata ita ba ta san gidanmu ba.

"Ban sani ba. Amma na san duk abin da mutum zai yi yana da dalili biyu, wanda yake gaya wa mutane da wanda yake ɓoye wa kansa. Allah na biyun yake dubawa. Kada ki ɗauki ɗan mutane ki mai da shi bulala."

Na koma kan kekena. A raina kuwa na ce, ji mata, ita da aka ƙwace wa suna da takardar gwamnati ita ce za ta koya mini zama da rashin suna. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne na kasa samun inda ta yi ƙarya.

Da ta tsaya nan da an zauna lafiya. Amma Madam ba ta san ta ga rami ta kewaye ba. Bikin yaye mu ya matso, wanda a nan ake kira liberasiyo. A al'adar shagon, kowace uwa za ta miƙe a gaban jama'a, ta kira sunan 'yarta, ta yaba mata, sannan ta miƙa mata sabon almakashi da tef. Sai ga Madam ran Lahadi bayan coci, cikin farin leshi da ɗaurin kai kamar za ta tashi sama, a tsakar gidanmu. Inna ta ba ta kujera, ta ba ta ruwa, suka gaisa da yaren Mina irin na kasuwa. Madam ta bayyana abin da ya kawo ta.

Inna ta ce, "Goggonta za ta yi."

"Ao, a'a, Maman. Ke kika haife ta. Yaro yana bukatar ya ji sunansa a bakin uwarsa kamar yadda yake bukatar nono."

Inna ta sunkuyar da kai kamar an kama ta da sata. Ta sake cewa, "Goggonta za ta yi."

Da na raka Madam bakin titi ta dafa ni ta ce, "Zuciyar matar nan a kulle take. Wani abu ya taɓa ta tun tana ƙarama. Amma ki bar ni da ita, a gaban jama'a za ta buɗe." Da na dawo na tarar da Goggo tana tafa hannu: "Yau na ga ikon Allah! Mata ta taso tun daga Adawlato ta zo koya mana haihuwa."

Sai maganar anko. Na zaɓi atamfa ruwan goro, na ɗinka wa Goggo, na ɗinka wa Kubura, har ƙannen Sulemana. Na aika Kubura ta auno mini Inna. Ta dawo da tef a hannu: "Ta ce tana da kaya." Ku ji fa. Shekara uku ina durƙuso, ina shara, ina soke yatsu, ranar da zan fita kunya uwata ta ce ba za ta sa ɗinkina ba.

Ranar Asabar aka kafa rumfa a ƙofar shago. Sai da matan jam'iyyar gwamnati suka gama waƙarsu da rawarsu, kowa na tafa hannu ko yana so ko ba ya so, sannan aka shiga abin da ya tara mu. Mu huɗu ne, cikin fararen riguna da muka ɗinka da kanmu. Tawa mai dogon hannu ce, na yi mata aiki a wuya da zaren azurfa, na yafa farin mayafi. Sulemana na gefe da mahaifiyarsa, yana ta kallona yana murmushi. Inna kuwa can layin ƙarshe ta zauna, ta lulluɓe da wani kakkauran mayafi ruwan ƙasa tun daga kai har gwiwa, cikin wannan zafin.

Uwar ta farko ta miƙe ta kwarara sunan 'yarta, ta rungume ta, aka zuba musu hoda, aka yi guɗa. Ta biyu har da goya tata a baya, ƙatuwar budurwa, mutane na dariya. Ta uku kuka ya hana ta magana, sunan kawai take maimaitawa. Ni ina tsaye ina murmushin dole.

Da aka zo kaina Goggo ta fara gyara zani za ta tashi. Sai Madam ta ɗaga mata hannu, ta karɓi lasifika.

"Maman Zaituna! Muna jiranki. Zo ki kira 'yarki."

Duk rumfar ta juya baya. Inna ba ta motsa ba. Madam ta sake kira, har da sa mutane tafi. Inna ta ƙara jan mayafi ta rufe rabin fuskarta. Tafin ya mutu da kansa. Na ji wata 'yar Mina a bayana tana tambayar ƙawarta ko kishiyar uwa ce. Mahaifiyar Sulemana ta san al'ada sarai, amma ita ma kanta a ƙasa yake don kunya. Ni kuwa ina tsaye a tsakiyar fili cikin farar riga kamar kayan da aka kasa aka rasa mai saye.

Daga ƙarshe Goggo ta taso ta fizge almakashin daga hannun Madam, ta ce "Zaituna, Allah ya sa albarka," ta danƙa mini. Ko da na ɗago, kujerar Inna ba kowa.

Na ratsa mutane na sami Sulemana. Na ce, "Ka zo gida bayan la'asar ka karɓi amsarka. Za ka ji daɗinta."

"Da gaske, sheri?"

"Na ce ka zo."

Madam ta riƙo hannuna, idonta ya yi ja. "Na yi kuskure, 'yata. Na zaci..." Na zare hannuna. Ban tsaya cin abinci ba, ban tsaya hoto ba. Na tare mota da hodar a fuskata, almakashi da tef a hannu, Goggo na bina tana kira. Duk tsawon hanyar Agoe ina shirya maganganun da zan gaya wa Inna, waɗanda in na faɗe su ba za a sake zama ba.

Ban yi sallama ba. Na banka labulen ɗakinta.

Ba ta zaci zan dawo da wuri ba. Mayafin na rataye a ƙofa, tana tsaye ta juya baya, ta ɗauko tsohuwar rigarta ta zaman gida za ta canja. A jikinta kuwa koriyar atamfa ce mai zanen mabuɗai, ta koɗe don wanki. Wuyan a karkace.

Akwatinta na buɗe a kan gado. Ga shuɗiya mai tsuntsaye da na ɗinka da azumin bara. Ga mai ruwan ƙwai wadda na fara koyon aljihu a kanta. Duk rigunan Hajiyar Sokode, a ninke, an jera su.

Goggo ta shigo tana haki. Ta dube ni, ta dubi Inna, ta zauna a bakin gado ta ce, "To, asiri ya tonu, ni na huta."

"Goggo, wace ce Hajiyar Sokode?"

"Ga ta nan a gabanki. Ni ko Sokoden ban taɓa zuwa ba. Kina fita take sawa ta tafi tasha, kafin magariba ta cire. In aka tambaye ta wa ya ɗinka, sai ta ce wata yarinya ce a Adawlato, hannunta na da kyau, ku kai mata. Da ta bari an aune ta ranar anko ai da kin gane."

Kuna zaton sanyi na ji? Wallahi wani sabon fushi ne ya taso mini, wanda ya fi na farko. Wato direbobin tasha sun sani. Masu sayen shinkafa sun sani. Duk Zongo ta san uwata na yawo da ɗinkina tana tallata ni, ni kaɗai ce bare. Ni da nake kwana ina tambayar kaina laifin da na yi mata!

"Inna, me na yi miki? Kin gwammace mutanen tasha su sani da ni in sani? Yau kin bar ni a tsaye a gaban duniya, kina sanye da rigata a ƙarƙashin mayafi! Wa zai gani a can? Wa ya amfana?"

Ta juya fuskarta bango.

"Sulemana na zuwa yanzu. Na riga na ce masa zai ji daɗi. Ki kira sunana sau ɗaya, Inna. Sau ɗaya tak, ba kowa a nan sai Goggo. In kin kira, na fasa Gabon."

Na ga leɓenta ya motsa. Na rantse na gani. Ta buɗe baki, ta rufe, ta haɗiye. Abin da aka dasa mata tun kafin a haife ni ya fi ƙarfin harshenta. Da maganar ta fito, ba ni ta yi wa ba.

"Goggonsu, ki gaya wa mai ɗinkin nan, hannun hagu yana matse ni tun ranar farko." Muryarta ta karye, ta gyara. "Na ji an ce Gabon da nisa. Ban san wa zai gyara mini ba."

Daidai nan hon ɗin Vespa ya yi ƙara a ƙofar gida. Bai ma iya jira la'asar ta yi ba.

Goggo ta ce, "Ga shi nan fa. Me zan ce masa?"

Na dubi tef ɗin da ke hannuna. Maganar Madam ce ta dawo mini, ta kare da ƙofa, na ji haushin yadda matar da ta kunyata ni ɗazu ta fi ni sanin abin da ke cikina. Na warware sabon tef ɗin.

"Ɗaga hannunki," na ce, da muryar da Madam ke yi wa masu kawo ɗinki.

Inna ta ɗaga, fuskarta har yanzu a bango. Tun da na yi wayo ban taɓa taɓa jikinta ba sai ranar. Na kama hannun rigar na hagu, wanda aka sa ni durƙuso a kansa, don in ga inda ya matse.

Yatsuna biyu suka shige ba tare da sun taɓa komai ba. Na zagaya tef a damtsenta, awon da na haddace shekara uku bai cika ba, ya ragu sosai. Sai a lokacin na tuna abin da Kubura ta gaya mini na rashin cin abinci, da amsar da na ba ta. Rigar nan ta daina matse Inna tun ranar da aka fara maganar Gabon. Ta sani, kuma ta san na gane.

Hon ya sake ƙara.

"Goggo, ki ce masa ya shigo zaure ya zauna, ina zuwa. Ki ba shi ruwa mai sanyi, zai bukace shi."

Goggo ta fita. Muka rage mu biyu. Har yanzu ina jin haushinta, kada ku ce na huce, kuma ban san da wane ido zan kalli Sulemana ba, ko zai zauna a Lome kamar yadda ya faɗa ko a waya kawai maganar ke da daɗi. Na naɗe tef ɗin a hankali, ni ma na juya fuskata bango, na yi magana kamar da wata nake.

"A gaya wa Hajiya gaskiyarta ce, ya matse. Amma gyaran zai ɗauki lokaci."